Rijiyar Yaya Idi da Injin da Ba a Kashewa

Shekara bakwai ke nan cur da muka kai Yaya Idi makwancinsa a ƙauyenmu, can gabas da Makoda. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma haƙar rijiya ce sana'arsa tun ina ɗan firamare har na yi ritaya daga koyarwa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina. Bana na kasa, saboda tsoro nake ji, irin tsoron da na san shi kaɗai zai gane.

Yaya mutum ne mai tsokana. Yakan ce ni na karanta ƙasa a takarda, shi kuwa ya shiga cikinta har wuya. Yana da wata ɗabi'a da mutanen gari suka ɗauka tsirfa ce. Kowace Juma'a kafin a tafi masallaci sai ya zura igiya a rijiyar gidansa, wadda ya haƙa da hannunsa shekarar da ya yi aure, ya auna gaba nawa ne kafin a kai ga ruwa, ya yi ƙulli a wurin. Bai iya boko ba, igiyar ce littafinsa. Akwai ranar da wasu masu bincike daga jami'a suka zo da na'urar awon ruwa, sai ga su sun wuni a zaune suna tambayarsa labarin kowane ƙulli. Har ya rasu yana yi mini gori da wannan.

A wancan lokacin da injin fetur muke noman rani a fadama, tumatur da albasa da attaruhu. Kowa galan ɗaya yake iya saya, idan ya ƙare inji ya mutu, a koma gida. Yaya yakan ce ba hankali ne yake kashe mana inji ba, galan ne.

Shekara guda kafin rasuwarsa wani Alhaji ya kafa injin sola na farko a gonarsa. Muka ɗunguma kallo. Ga farantai a jere suna kallon sama, ga ruwa yana ta ambaliya, ba hayaƙi ba ƙara. Kowa yana ta sa albarka, sai Yaya ya tambayi mai haɗawar yaushe ake kashe shi. Mutumin ya yi dariya, ya ce ai ba a kashewa, idan rana ta faɗi zai tsaya da kansa. A hanyar gida Yaya bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, sai da muka kusa ƙofa ya ce, "Malam, rana ba ta ƙarewa, na yarda. Amma ruwan da ke ƙasa, ni na taka ƙarshensa da ƙafata."

Na ce masa tsufa ne ya fara damunsa. Ina ma ban faɗa ba.

Bayansa ne shekarun wahala suka zo. Fetur ya gagari talaka, buhun gero ya zama abin kallo. Wanda duk yake da abin sayarwa ya sayar ya sayi sola, ni ma na sayar da bijimin sa guda na saya. Ba zan yi butulci ba, ita ta rufa mana asiri. Da ita ake niƙa, da ita ake sanyaya allurai a ɗakin shan magani, da ita na ciyar da gidana.

Sai dai mu mutane ne da aka rena a kan kada mu bar abin kyauta ya wuce. Idan rana ta take kuma inji yana kashe, sai manomi ya ji kamar ya yi asara. Maƙwabcina a fadama yakan cika kwamin shukarsa har ruwa ya malala kan hanya, in ka yi magana ya ce rana ce take tafiya a banza. Da can, daga ƙarar injuna Yaya yake sanin mutum nawa ke jan ruwa. Yau fadama tsit take, amma daga hantsi zuwa la'asar babu injin da ke hutawa.

Rijiyar masallaci ta ƙafe bara. Bana, tun ba a shiga bazara ba, gugan Yaya Talatu, matar marigayin, ya fara fitowa da laka. Na ɗauko igiyar Yaya na zura, ta ƙare kaf ba ta jiƙe ba. Masu hali sun haƙa burtsatse, kowa yana zarce na maƙwabcinsa a zurfi. Ita kuwa tsohuwa ce mai jikoki biyar a gabanta da awaki uku, wannan rijiyar kaɗai gare ta.

Na kai maganar gaban dagaci. Aka taru, aka yi ta jimami, aka amince kowa ya kashe injinsa da azahar. Kwana uku na cika alkawari. A rana ta huɗu na ga tumaturina ya yi yaushi, na leƙa gonar maƙwabci na ga ruwa yana gudu, sai na miƙa hannu na kunna nawa. Ba wanda ya ji, tunda ba ya ƙara.

Ina yawan tambayar kaina abin da Yaya zai ce da ya ga yau. Ba na jin zai zagi sola, ba shi da wannan wautar. Ina jin bi zai riƙa yi gona-gona yana kunyata mu da baki har mu kashe, domin shi ana jin nauyinsa. Rijiyoyinsa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya gaji sana'arsa. Abin da ya bar mini shi ne sanin da ya hana ni sakewa, amma bai bar mini ƙarfin zuciyarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Shekaranjiya na biya don in gaishe da Yaya Talatu, na tarar tana tace ruwan laka da tsumma. Ta ɗago ta ce, "Malam, kai da ka yi karatu, su waye suke shanye mana ruwan nan?"

Na ce mata ana bincike. A lokacin injina yana can fadama yana aiki.