Takalmi Mai Jan Zare

Sama'ila mai gyaran takalma ba ya duban fuskar mutum sai ya gama duban ƙafarsa. 'Yan kasuwar Makarfi har tsokanarsa suke, wai ko surukinsa ne ya zo, takalmin zai fara gaidawa. Da can dariya yake yi. Amma tun da ƙanensa Mu'awiyya ya bi masu haƙar zinare zuwa Nijar, wayarsa ta daina shiga, dariya ta ƙaurace masa.

Ba inda bai bi sawu ba. Da an ce wane ya dawo daga can, ko a Hunkuyi yake ko Janfalan, sai ya hau mashin ya same shi da hoto. Wannan ya ce kamar ya gan shi, wancan ya ce sun nausa Mali. Kullum ya koma gida mahaifiyarsu Uwaliya na bakin ƙofa, tambayarta ɗaya ce: "An dace?"

Wani dattijo da ya taɓa aikin ne ya gaya masa abin da ya hana shi sukuni. Ba a shiga rami da takalmi, a baki ake tuɓewa. In rami ya rufta, takalman da ba wanda ya dawo ya saka su ke faɗin waɗanda suka tafi. Shi kuwa Mu'awiyya da takalmin fata ya bar gida, wanda Sama'ila ya ɗinke wa maɗauri da jan zare don baƙin ya ƙare. Daga ranar da ya ji maganar dattijon, duk baƙuwar ƙafar da ta nufo rumfarsa sai ya hau neman jan zare a takalminta.

Wata ranar kasuwa wani saurayi ramamme, mai tari, ya tuɓe takalmi ya miƙo masa.

"Baba, a ɗan kama mini nan."

Ga jan zaren nan, ɗinkin hannunsa. Basilla ta suɓuce masa.

"Samari, daga ina?"

"Daga wajen zinare, Baba. Allah ne ya yi da sauran kwana."

"Takalmin fa, saya ka yi?" Ya tambaya, a ransa yana roƙon Allah yaron ya ce e.

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Nawa ne ya tsinke. Suna jere a bakin wani rami, ƙasa ta rufe su, aka ce mai so ya ɗauka."

Sama'ila ya yi salati. Ya zaɓo wa yaron wani takalmi, ya naɗe wannan a tsumma, ya rufe rumfa tun kafin la'asar. Bai hau mashin ba, turawa ya yi har gida. Ya san ba sai ya buɗe baki ba, Uwaliya na ganin takalmin za ta gane. Tun farko a gabanta ya yi ɗinkin nan, ita ta riƙe masa zaren.