Bangon da Ke Bayan Kabad

Ƙamshin turaren wuta ne ya fara tarbata da na dawo daga makaranta, tun ina bakin ƙofa ina laluben makulli. Mama ba ta kunna wannan turaren sai ranar Sallah ko idan za a yi manyan baƙi, domin daga Maiduguri ake aiko mata da shi. Ranar kuwa Laraba ce.

Gidanmu na unguwar Jamaica, a Queens ta Amurka, ɗan ƙarami ne na katako, idan jirgi ya wuce ta samansa har tagogi sai sun yi rawa. A filin jirgin Baba yake aiki, wajen lodin kaya. Cikin hunturun shekarar bututun banɗaki ya fashe, ruwa ya bi ta cikin bangon ɗakin da muke kwana ni da ƙanwata. Kamfanin inshorar gida ya biya, mai gyaran famfo ya zo ya toshe, aka yi fenti. Sanyi bai gama tafiya ba lema ta dawo. Ta fara da ɗan tabo kusa da ƙasa, sai fentin ya kumbura, sai baƙin ɗigo-ɗigo ya bazu. Idan na ɗora tafin hannuna a wurin, sai in ji kamar na taɓa cikin firji. Ƙanwata, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba, ta kama tarin da ya ƙi ƙarewa, likita ya ce a duba inda take kwana.

Baba ya sha kiran kamfanin, ana barinsa a kan waya ana sa masa kiɗa, har suka yarda za su turo mai dubawa. Ba a ba shi hutu ba, don haka da safe ya ce mini, "Yau ke ce bakinmu. Abin da mamanki ta ce ki faɗa musu, abin da suka ce ki faɗa mata." Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

Da na shiga ɗakinmu sai na tsaya da jaka a baya. Babban kabad ɗin kayanmu ya bar mazauninsa, ya koma daidai gaban tabon. Ga gurbin ƙafafunsa nan a lotse a kan kafet. Ta gefensa sabon fenti yana leƙowa, farinsa ya fi na sauran bangon.

"Mama, wa ya matsar da kabad?"

"Aljanu," in ji ta. "Je ki canza kaya, baƙuwa na hanya."

Yatsunta sun yi ja, sun tattare, irin na wanda ya yini da hannu cikin bilic.

"Ai bangon za ta zo gani."

"To ba ga bango nan ko'ina ba? Mace ta shigo ɗakin 'ya'yana ta tarar da wannan baƙin abu, ta ce me? Uwarsu ƙazama ce?" Ta gyara zaman kaskon turare, sannan ta rage murya. "Maman 'yan biyu ta gaya mini. A ƙasar nan in ma'aikata suka ga irin wannan a ɗakin yara, rubutawa suke yi, a zo a kwashe yaran."

Maman 'yan biyu maƙwabciyarmu ce 'yar Kumasi, ta riga mu zuwa da daɗewa, kuma duk abin da ta ce game da Amurka Mama ba ta musu. Ban san ko gaskiya ba ne.

Mai dubawar dattijuwa ce baƙar fata, tabarau na rataye a wuyanta da sarƙa. Da ta ga takalma jere a bakin ƙofa sai ta cire nata ba tare da an ce mata ba. Safarta ta dama ta ɗan huje a babban yatsa, ta kuma yi ƙoƙarin naɗe shi ciki. Wannan ya sa na rage jin tsoronta. Mama ta ajiye mata zoɓo da cincin, ta sha, ta ce ƙamshin gidan nan ya fi na duk gidajen da ta shiga a makon. Na fassara, Mama ta yi murmushi.

Tana riƙe da wata 'yar na'ura mai kama da rimot, wadda ke ƙara idan ta ji lema. Ta manna ta a banɗaki, shiru. Ta shiga ɗakinmu ta manna ta a hagun kabad, ta manna a dama, shiru.

"Ina wurin da maigidan ya ce yana jiƙewa?" ta tambaya.

"Ki ce mata mun gode Allah, da sauƙi," in ji Mama.

Na faɗa mata, idona a kan kafet. Ta ɗan dube mu, sannan ta fara latsa kwamfutar hannunta. Ta ce in haka ne za ta rubuta cewa gyaran farko ya yi, a rufe maganar.

Daga falo sai tarin ƙanwata ya taso, irin mai dogon nan da ke ƙarewa da fito. Mama ta juya kanta wajen ƙofa, ni kuma na ji bakina ya buɗe da kansa. Muryar da ta fito ƙarama ce, sai da matar ta sunkuyo na maimaita.

"Idan kin ga baƙin abu a bango, za a tafi da mu?"

Ta sa tabaraunta. Ta dubi kabad, ta dubi gurbin ƙafafunsa a kafet, ta dubi hannun Mama.

"A'a, 'yata," ta ce. "Ni bango da bututu kawai nake dubawa. In akwai lema, to ruwa bai daina zuba a ciki ba, kuma ba laifin mai shara ba ne. Amma abin da ban gani ba, ba zan iya rubuta a gyara shi ba." Ta ƙara da cewa kakarta ma in mai karɓar haya zai zo, sai ta rataya kalanda a kan duk wata tsagar bango.

Na juya na faɗa wa Mama duka, da Hausata mai tuntuɓe, har da zancen kalandar. Sai ta yi wata 'yar dariya, ta goge ido da bakin mayafi.

"Yanzu duk gurzar da na yi tun safe, a banza? Har da turarena?"

Ta ɗaure mayafin a ƙugu ta kama gefen kabad, na kama ɗaya gefen. Ko motsi bai yi ba. Har yau ban san yadda ta tura shi ita kaɗai ba. Na ɗago kai na dubi matar, wannan karon cikin ido.

"Don Allah ki ajiye na'urar ki kama mana," na ce. "A bayansa yake."