Milimita Bakwai

Ranar Litinin ɗin, Najiba ta tashi ƙarfe biyar saura kwata, kafin ladanin layinmu na unguwar PK8 a Libreville ya kira sallah. Ita ce 'yar farina, shekarunta ashirin da shida. Ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. "Ke" nake ce mata, kamar yadda uwata ta yi mini a Zariya.

Ƙarfe shida da rabi ta fita tsakar gida da littafinta mai koren bango. A tsakiyar gidan abin da ta ƙera yake: wani dandamali na ƙarfe mai faɗin dardumar sallah biyu, a ɗage daidai ƙirjin mutum, ɗauke da buhun siminti takwas da aka lulluɓe da tamfol. Ta kafa sanda a gefensa, ta ɗaura rula a jikin sandar, wani ɗan tsinken ƙarfe da ke jikin dandamalin yana nuna lamba. Ta duba, ta rubuta.

Ƙarfe bakwai muna shan koko, mahaifinta Zakari ya leƙa ta taga.

"Injiniya, yaushe za a sauke mana dutsen nan? Ko wurin shanya babu a gidan nan."

"Saura kwana goma sha tara, Abba."

"Da na san gareji zan buɗe, ai da na kafa allo a ƙofa."

"Kafa mana. Ka rubuta da Faransanci, a ɗauka mun iya."

A tsaye ta sha kokon. Ba na tuna ranar da ta gama cin abinci a zaune.

Ƙarfe takwas mahaifinta ya tafi shagonsa na atamfa a kasuwar Mont-Bouët, ni na tafi ɗakin gwajin ruwa inda nake aiki, ita kuma ta gangara garejin Malam Adamou. Ƙarfe goma sha ɗaya ta kira ni tana tambaya ko ta sayo kifi. Na ce akwai. Ƙarfe huɗu ta dawo da baƙin mai a hannun hijabinta. Ƙarfe biyar da rabi ina zaune a ƙofar kicin, ta zo ta tsaya a kaina.

"Umma, zo ki ga wani abu. Minti biyu kawai."

"Ba ki ga ina tsince shinkafa ba?"

"Shinkafar ba za ta gudu ba."

"Ke, tafi ki ba ni wuri."

Ta yi dariya ta tafi. Na san abin da take son nuna mini, kuma ina son gani. Amma a gidanmu uwa ba ta tsayawa tana kallon aikin 'yar farinta a gaban jama'a, balle ta yaba. Digirin kimiyya da na yi bai cire mini wannan ba. Ƙarfe takwas muka ci abinci, ta wanke kwanuka, ta shiga ɗaki da littafinta.

Washegari, Talata, ta auna kamar kullum, ta rubuta milimita uku. Ƙarfe tara ta hau taksi-bus, ƙaramar bas ta haya, za ta garin Owendo sayo tiyo. Ana ruwan sama. Tayar gaba ta fashe a gangare. Mutum huɗu suka rasu, tana cikinsu.

Tun tana ƙarama hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Tana shekara tara na kawo sababbin sirinji biyu daga wurin aiki don ba ƙaninta maganin tari. Ta haɗa su da siririyar roba, ta cika da ruwa, ta danna ɗaya, ɗayan ya ɗaga gwangwanin madara. Ta yi ta dannawa har aka kira magariba. Bayan sakandare ta shiga makarantar fasaha ta karanci gyaran injunan masana'antu, su biyu ne mata a ajin. Da ta gama, ta kai takardunta kamfani goma sha huɗu. Biyu suka amsa, dukansu aikin ofis suke so ta yi.

Sai ta kama zuwa garejin Malam Adamou, wani dattijo mutumin Maraɗi da ya yi shekara talatin yana gyaran tifa. Shi ya san mai da hannunsa, ita ta san shi da lissafi. Yana taɓa tiyo ya ce wannan ba zai kai damina ba, ita kuma ta zauna a kan tsohuwar taya ta lissafa dalili. Da yamma tana kallon darussa a waya, tana zana hanyoyin mai a takarda: famfo, bawul, silinda, da kibiyoyi masu nuna inda man zai bi. Burinta ta ƙera nata injin ɗaga kaya, ba ta gyara na wasu kawai ba.

Na farko da ta ƙera da iska yake aiki, ba da mai ba, don ta samu tsohon kwampireso, injin matsa iska, a garejin. Ranar gwaji ta ɗora buhun garin rogo, ta buɗe bawul. Abin ya yi shiru, ya yi shiru, sai ya zabura gaba ɗaya ya wurga buhun kan rufin kajin maƙwabciyarmu. Wata guda Malam Adamou yana kiranta "mai harba gari". A littafinta na ga abin da ta rubuta a ranar: "Iska tana matsuwa, tana tara fushi. Mai ba ya matsuwa. A ɗaga kaya da mai."

Madam Hawaou 'yar Kamaru ce, tana da gonar rogo a hanyar Ntoum, a garejin take gyara motarta. Ma'aikatanta da ka suke loda jiƙaƙƙen rogo a mota, bayansu duk ya lalace. An taɓa ƙera mata abin ɗaga kaya, tiyonsa ya fashe da kaya a sama, ya sauko a kan ƙafar wani ma'aikacinta. Har yau da sanda yake tafiya. Shi ya sa da Najiba ta ce za ta ƙera mata wani, ta ce ba ta so. Najiba ta bi ta har gona sau uku. Ta sa wani bawul a bakin silindar, wanda ke kulle man a ciki ko da an yanke tiyo. A ƙarshe suka yi alkawari, an rubuta a shafin farko na koren littafin, kowacce ta sa hannu: za a ɗora kilo ɗari huɗu, a ɗaga, a kashe famfo, a bar shi kwana talatin ba a taɓa ba. Kullum a auna ƙarfe shida da rabi, kafin rana ta ɗumama man. In ya sauka fiye da milimita goma, Madam Hawaou ba za ta ɗauka ba.

Wannan shafin na karanta da asubar Laraba, ranar da za a binne ta. Saura kwana goma sha bakwai bayan awon ranar.

Ƙarfe shida Alhaji Ubale, yayan mahaifinta, ya iso daga unguwar Nombakélé da masu kafa rumfa. Ya dubi dandamalin.

"A sauke wannan, a ja shi waje. Ina mutane za su zauna?"

Na fito daga ɗakin mata, abin da bai kamata in yi ba. Na gaishe shi, na ce, "Yaya, a yi haƙuri a bar shi."

"Rahmatu, gidan rasuwa ne. Yara za su zo. In ya faɗo kan wani fa?"

"Abin da take son ta nuna ke nan, cewa ba zai faɗo ba."

"Wa za ta nuna wa? Ta riga ta tafi inda ba a tambayar wannan."

Ban koma ɗaki ba. Zakari ya ce, "Yaya, a kewaye shi da igiya." Aka kewaye shi da igiyar shanya da benci biyu, aka kafa rabin rumfar a titi. Ƙarfe shida da rabi na tsallaka igiyar na duba rular. Milimita uku. Na rubuta a ƙarƙashin rubutunta. Ranar ce na fara tsayawa kusa da abin.

Kwana bakwai masu gaisuwa suna zaune kewaye da buhunan siminti. Na ji ana cewa baƙin ciki ya taɓa mini kai. Wata dattijuwa ta kama hannuna ta ce, "Hajiya, ai ke da ko sunanta ba kya faɗa, yanzu kuma ke ce mai gadin ƙarfenta?" Na ce mata haka ne.

Ban iya zama ba a kwanakin nan. Ina cikin karɓar gaisuwa sai in tashi in leƙa taga. Tsakanin azahar da la'asar nakan karanta littafin, shafi bayan shafi, da biro a hannu. Na sake lissafin faɗin silindar da nauyin da za ta ɗauka. Sau biyu na zaci na kama ta da kuskure, sau biyun ni ce na yi. A gefen wani shafi ta zana famfon da kan mutum, ta rubuta "Abba" a ƙasa, wai saboda ƙorafinsa in an tashe shi.

Kwana na goma sha shida ya nuna huɗu. Na ashirin ya nuna biyar. Sai aka yi kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, gari ya yi sanyi. Ranar Juma'a, kwana na ashirin da biyu, na duba na ga tara. Na goge gilashina na sake dubawa. Tara.

Zakari yana bayana da laima. Ya ce, "Rubuta shida."

"Tara ne."

"Wa zai sani, Rahmatu? Yarinyar nan ta sha wahala a kan abin nan."

"Wanda zai tsaya a ƙarƙashinsa zai sani."

Na rubuta tara. Na yafa mayafi na gangara garejin cikin ruwa, karo na farko a rayuwata. Malam Adamou yana ƙarƙashin wata tifa. Da ya gan ni ya fito da sauri yana goge hannu. Na nuna masa shafin.

"Hajiya, kin ga ɗigon mai a ƙasa?"

"Babu."

"Sandar silindar ta jiƙe?"

"A bushe take."

"To wataƙila sanyi ne, mai yakan tsuke. Wataƙila kuma bawul ɗin ne yake zuba ta ciki, ba a gani. In rana ta fito ya koma sama, sanyi ne. In bai koma ba, to, mai harba gari ta sake harbawa." Ya yi ɗan murmushi, sai ya juya baya ya daɗe yana neman wani abu a cikin akwatin spana.

Ranar Asabar ba a ga rana ba, ya nuna tara. Na yini ina fita ina kallon sama kamar mai shanyar hatsi. Ranar Lahadi gari ya washe tun hantsi, aka yi zafi irin na Libreville mai jiƙa riga. Da safiyar Litinin tsinken yana kan shida. Na zauna a bencin na rubuta.

Kwana na talatin ya faɗo ranar Asabar. Madam Hawaou ta iso da motarta ƙarfe shida da kwata, Malam Adamou yana gaba. Alhaji Ubale ma ya zo, bai ce don me ba. Ƙarfe shida da rabi na ce Madam Hawaou ta duba da kanta. Ta sunkuya, ta daɗe.

"Bakwai," in ji ta. Ta bi shafukan da yatsa har ta kai kan taran. "Wannan fa, Maman Najiba?"

Na gaya mata yadda aka yi. Ta gyaɗa kai. "Da ban ga taran nan ba, da sai in yi shakkar sauran."

Malam Adamou ya miƙa hannu zai sauke, sai ya janye ya dube ni. A shafi na arba'in da ɗaya ta rubuta yadda ake yi, mataki huɗu. Na kori kowa baya. Na kunna famfon, ya yi ƙorafinsa. Na jira allurar ma'aunin ta tashi, sannan na ja jan hannun bawul ɗin a hankali. Siminti kilo ɗari huɗu ya sauko ba girgiza, ya taɓa ƙasa ba a ji ƙararsa ba. Na kirga daƙiƙa goma sha ɗaya. A ranar Litinin ɗin ba halin sauke shi, amma ko da ta nuna mini sau uku, ba za mu cinye minti biyun da ta roƙa ba.

Alhaji Ubale ya ce, "Allah Ya jiƙan Najiba." Kowa ya ce amin. Ni ma na faɗi sunan, a bainar jama'a.

A ranar aka ɗaure dandamalin a bayan motar Madam Hawaou. Yana gonar har yanzu, mutumin nan mai sanda shi ke jan hannun. Bayan sadakar arba'in muka raba sauran kayanta. Tufafinta sun tafi wurin 'ya'yan Alhaji Ubale, ban da hijabin mai baƙin mai, wanda wanki uku bai fitar ba, yana cikin akwatina. Spanoninta da ma'aunin matsi mun kai wa Malam Adamou, ya rataye su a ƙusa dabam. Littattafan makaranta na ba Khadijat, wadda suka yi aji ɗaya. Wayarta tana wurin ƙaninta. Na yi wa Madam Hawaou kwafin koren littafin saboda gyara, na riƙe ainihin.

Simintin ya sha danshi a ƙarƙashin tamfol, buhu biyar sun daskare sun zama dutse. Zakari ya jera su a ƙofar gida, inda ruwa ke kwanciya da damina. A kansu muke takawa in za mu fita. Sandar da rular kuma suna nan a tsakar gida, na ɗaura igiyar shanya a jiki.