Sallar da Kanwa Ta Ɓata Ƙullun Inna

Da safiyar Ƙaramar Sallah ta 1994, ina 'yar shekara goma, na fito daga ɗaki da sabon lalle a hannuna, na tarar da Inna durƙushe gaban tanda a gidanmu na unguwar Pumpumre a Garwa, ta ƙura wa masa guda ɗaya ido. Zafin Garwa ya sa ƙullun ya yi tsami, ta jiƙa kanwa ta zuba don ta kashe tsamin, hannu ya zarce. Masar ta fito rawaya, na gutsura sai da na tofar. Wannan kuwa ita ce shinkafar ƙarshe a gidan.

A shekarar ne darajar kuɗinmu, sefa, ta faɗi, rumfar atamfar Baba ta koma wurin hira. Duk azumin nan da kunu zalla muke buɗe baki, amma Inna ta ɓoye shinkafar nan don masar Sallah, domin da ita aka san ta. Takan jiƙa ɗanya, ta dafa kaɗan ta haɗa, a niƙo da albasa, ƙullun ya kwana a rufe, da safe ta toya, a ci da miyar taushe mai kabewa da gyaɗa da yakuwa. A unguwarmu kuma, kafin maza su dawo daga Idi, kowane gida na aika wa maƙwabta abin kari, kuma ba a mayar da kwano wayam. Mayar da shi haka shelar talauci ce, kafin azahar zancen ya kai bakin famfo. Inna takan ce, “Yunwa a ciki take kwana, kunya kuwa a fuska.”

Ba mu gama jimami ba muka ji sallama. Kwanuka suka fara shigowa: sinasir daga wannan gida, dambun shinkafa daga wancan, kunun gyaɗa, soyayyen kifin kogin Binuwai. Inna na murmushi tana ce wa yaran, “Ku je, za a kawo kwanon.” Suna fita murmushin ke gushewa. Ban taɓa ganin tsoro a idon babba kamar na ranar ba. Ta buɗe buhunan da ta san babu komai a ciki, ta karkaɗe, ta leƙa tukwane, ta sake leƙawa. Can sai ta ja kwanukan cikin madafa, ta ce in tura ƙofa.

Abin da ta yi shi ne sauyi. Sinasirin wannan gida ta juye a kwanon wancan, dambun wancan ta zuba a na gaba, ta ɗan yaryaɗa miyar da ta riga ta dafa don masar a kai don a ji hannunta. Tana yi tana maimaita sunayen gidajen a hankali, kada abincin wata ya koma mata. Ƙanina Sani yana riƙe da zanenta yana kuka, abinci na wucewa ta gaban hancinsa, ko loma ba a ba shi ba. Ni ce 'yar aike. Ina tafe ƙamshi na dukan fuskata, yawu na tsinkewa, ga haushi ya cika ni, don ban ga dalilin da zai sa mu ciyar da unguwa muna jin yunwa ba.

Kwano na ƙarshe na Dada Asta ne, tsohuwar Bafulatana mai ido kamar na shaho. Inna ta juye mata funkason da aka aiko daga gidan wani malami. Na kai, na durƙusa na yi mata barka da Sallah. Ta buɗe, ta ɗaga na sama, ta zaro ɗaya daga ƙasa, ga shatin haƙora a gefensa.

“Ɓingel am, 'yata, kin san haƙoran wa?” Na girgiza kai. “Na jikana ne. Ɗazu aka aiko min da funkason nan, ya gatsa kafin in ƙwace, na cusa shi ƙasa na tura gidan Malam. Ni ma ban hura wuta ba yau.” Ta turo min kwanon. “Zauna ki ci, ki tafi wa ƙaninki da saura. Funkason nan ya gaji da yawo.”

Da na faɗa wa Inna, ta yi dariya har ta dafa bango, daga nan dariyar ta koma kuka. Ashe abincin gida biyu ko uku ne ke zagaya layin tun safe, kowace mace na ɓoye wa 'yar'uwarta abin da ita ma take ɓoyewa. Ban ji an taɓa tayar da zancen ba, ko a bakin famfo.

Yanzu nakan cika tabarma ranar Sallah, masa da farfesu da shayi mai madara, 'ya'yana su ɗauki hoto su tsattsakura su tashi. Maƙwabtana sai dai mu gaisa ta waya, babu mai buga min ƙofa da kwano. In wata cikinsu ba ta hura wuta ba, ba ni da hanyar sani.