Siginar da Na Gyara

Mashin ɗin na Baba ne tun ina ƙarami. Ja ne a da, amma yanzu sai wanda ya san shi tun farko zai iya rantsewa da hakan. Da shi ya yi ta jigilar tafarnuwa daga fadamarmu ta Wurno zuwa kasuwar Achida, har idonsa ya fara gazawa. Ran nan ya miƙo min makulli, fuskarsa na kallon wani wuri, ya ce, "Amshi, kai wanga."

Haka yake kirana. Ni ne ɗan fari, shi kuma mutumin dauri ne. Bai taɓa faɗin sunana ba, ba ya zama inda nake zaune, ba ya min wasa. Autanmu kuwa sunansa ba ya fita daga bakin Baba, har kwano ɗaya suke ci. Tun ina yaro ake ce min kunyar ɗan fari ce, ba ƙiyayya ba. To, na ji. Amma sanin sunan abin bai taɓa rage min zafinsa ba.

Siginar mashin ɗin ta mutu tun yana hannun Baba, kuma babu wanda ya damu da ita. Duk ranar kasuwa ni ke ɗaukarsa, don ko ba shi da abin sayarwa sai ya je ya zauna a rumfar tsofaffin abokansa. In mun doshi kwana sai ya dafa kafaɗata da hannu ɗaya, ya miƙa ɗayan waje, hannun riga na kaɗawa, ya ce, "Dama." Kamar ban san hanyar ba! Amma ban taɓa tanka masa ba, don a wannan dafawar ce kaɗai Baba yake taɓa ni. A kan mashin kuma bakinsa yake buɗewa, tunda ƙeyata yake gani ba fuskata ba. Ya nuna min gonar da ruwan Goronyo ya taɓa cinyewa, ya faɗa min wanda ya dasa wancan mangwaro, har dariya yakan yi. Muna sauka sai ya koma Baban da na sani.

Wata ranar kasuwa, muna shirin karyawa dama, wata a-kori-kura maƙare da albasa ta taso ta bayanmu. Direban ya ce bai ga hannu ba. Allah ya tsare, rigar Baba kawai ƙarfen motar ya kama, ya keta ta har gwiwar hannu. Da munka dawo gida Inna ta ɗaga rigar ta duba, ta dube ni.

"Wallahi ba shi ƙara hawan akwalar ga sai an gyara hitilun nan. Hannun tsoho za ka mai da sigina?"

Auta na gefe yana cin gyaɗa. Bai daɗe da sayen sabon mashin ba, yana kabu-kabu da shi tsakanin Wurno da Goronyo, ko ledar kujera bai cire ba. Ya ce, "Yaya, ka huta mana. Ni sai in riƙa kai shi."

In huta! Wa ya ce masa na gaji?

Ranar kasuwar da ta biyo ina tsaye a ƙofar gida sunka wuce. Baba ya karkato yana faɗa wa auta wani abu a kunne, su biyu suna dariya. Yaron nan yana da kwano, yana da suna, yana da hirar tsakar gida. Abu ɗaya tak da nake da shi, shi ma ya haɗa da shi, kuma ko sani bai yi ba. Kishi ne, ba na ɓoyewa. Na yi kishin ƙanena da gemuna da komai.

Ran nan na kwance fitilun mashina. Na ɗauka aikin minti kaɗan ne. Ƙwayayen sun yi baƙi ƙirin, na sayo sababbi na sa, na tura makunni. Shiru. Wani mai gyara a bakin tasha ya ce filasha ce, ɗan ƙaramin abin da ke sa wutar ta riƙa ƙyaftawa. Na canza ta. Sai ta hagu ta kama, amma ta tsaya ƙyam ba ta ƙyaftawa, ta dama kuwa ko motsi. Anka ce batir ya yi sanyi, na kai caji. Da na dawo da shi, in na kunna dama sai ham ya yi wani ɗan kuka kamar akuya mai mura, in na taka birki sai duk fitilun su kawo wuta tare. Matata ta leƙo ta ce ko in kira malam ya yi masa addu'a. Ban yi dariya ba.

Na buɗe makunnin da ke jikin kan mashin, na iske zanzaro ya gina ɗakinsa a ciki, laka ta bushe a kan ƙarafunan. Na kankare, na wanke da fetur, na ce yau dai an gama. Ina! Ta yi aiki a tsakar gida, ina hawa titi na faɗa rami ɗaya ta ɗauke. Ana cikin haka ranakun kasuwa suna ta wucewa, kowace kuma ina ganin bayan rigar Baba a kan mashin ɗin da ba nawa ba. Auta in ya gan ni tsugune cikin wayoyi sai ya ce, "Sannu da aiki, Yaya." Da zuciya ɗaya yake faɗi, shi ya sa ma ta fi ƙona ni.

Daga ƙarshe na kai shi Rabah, wurin wani mai wayarin da anka yaba min. Munka cire kujera, munka cire tanki, muna bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin kariyar ɗaukar kaya, daidai inda Baba yake ɗaure buhunan tafarnuwa shekara da shekaru, igiya ta goge wayar har ta cinye robarta, tana taɓa ƙarfe. Wata wayar kuma da ke ɗaure a jikin ƙarfen mashin ta yi tsatsa, saboda ratsa ruwan fadama. Mai wayarin ya yanke, ya haɗa, ya naɗe, ya goge tsatsar. Na tura makunni, sai ga ta tana ƙyaftawa, gaba da baya, dama da hagu. Wallahi kamar in rungume mutumin.

Na kunna wa Inna a ƙofar gida, ta duba ta ce to. Ranar kasuwa tun da hantsi na goge mashin na tsaya. Baba ya fito, ya dubi auta, ya dubi inda nake, ya zo ya hau bayana. Ban kalli ƙanena ba, amma na so ƙwarai ya kalle ni.

Muna isa kwanar farko na tura makunni tun da nisa, don Baba ya gani. Na ji hannunsa ya sauka a kafaɗata, na ga inuwar ɗayan ta fara ɗagawa a ƙasa. Sai ya lura da fitilar tana ƙyaftawa. Hannun ya tsaya, ya koma kan gwiwarsa, na kafaɗata ma ya bi shi.

"An gyara ta ke nan," ya ce.

"An gyara, Baba. Har Rabah na kai shi."

"Madalla."

Bai ƙara cewa komai ba har Achida. Ni kuwa sai kunna sigina nake a kowace kwana, har da inda babu kowa a bayanmu, ina cewa a raina gajiya ce ta sa shi shiru.

Da wata kasuwar ta zagayo ya fito, bai dubi inda nake ba. Ya ce wa Inna, "Bari auta shi kai ni, kujerar tashi ta hi taushi." Auta ya kunna wa Inna siginarsa kamar yadda take sa shi kullum, sunka tafi. Na kasa zama. Na tada nawa na bi su daga nesa, ban san ma mi zan yi ba in na cim musu.

A kwanar da motar albasa ta keta rigar, na ga Baba ya dafa kafaɗar auta ya miƙa hannunsa na dama waje, hannun riga na kaɗawa. Fitilar sabon mashin ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Na iske auta a bakin kasuwa yana shan ruwa, bayan Baba ya shige rumfarsu.

"Siginarka ta mutu ne?"

"Lahiya lau take, Yaya. In Baba na baya ba ni kunna ta. Mutumin da yat tuƙa mashin tun ba a haihe mu ba, in na kunna, mi za shi yi da hannunai? Kar dai ka gaya ma Inna."

Ya faɗa yana goge baki, kamar abin da kowa ya sani. Shekaru nawa hannun nan yana kan kafaɗata, ban gane ba, shi ya gane cikin 'yan makonni. Wannan ya fi kwanon da sunan ci min rai.

Na sha shirya maganar a zuciyata, in ce Baba ka dawo, ba zan kunna ba. Amma ɗan fari ba ya tsayawa gaban ubansa ya faɗi irin wannan, a kan mashin kaɗai muke magana, shi kuma bai ƙara hawa ba. Siginar tana nan lafiya lau, tun daga gyaran Rabah ba ta taɓa ɗaukewa ba ko sau ɗaya.