Kwanon Sojan da Na Goge

Jiya wani saurayi ya tsaya da babur ƙofar shagona a nan Yendi, ya ajiye mini tsohuwar begila, irin wadda soja ke busawa. Ya ce ta kakansa ce, in goge ta ta yi ƙyalli, zai rataye a falo. Na yanka lemun tsami na dangwala a toka. Da warin nan ya bugi hancina, toka da tsami da tsohon ƙarfe, sai na ajiye begilar na zauna. Gyaran keke ne sana'ata. Kayan tsofaffin soja kuwa, fitila, ɗamara, gorar ruwa, don kaina nake gyara su in hannu ya huta. Ba na kuma goge komai sai na duba shi ciki da bai. Bari in gaya maka dalili.

A Salaga na tashi, gidan kawuna, yayan innata. Ya je yaƙin Bama, ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji, da kuma akwatin ƙarfe. Gwamnati ta ba shi lambar tagulla, ta manta da shi. Kayan akwatin duk ya bar mu mu taɓa, ban da kwano ɗaya na alminiyam mai murabba'i, irin wanda soja ke cin abinci a ciki. Ya yi baƙi, gindinsa duk karce. Kowace Juma'a bayan masallaci sai ya fito da shi, ya zauna gindin darbejiya yana shafa gindin da babban yatsa.

Ba nasa ba ne. Na abokinsa ne, wani mutumin ƙasar Bawku da suka yi shekaru a rukuni ɗaya, da Hausar bariki suke magana. Ranar da aka ɗauke shi soja, magatakarda bai iya rubuta sunansa ba, sai ya laƙa masa wani suna, ya ɗora sunan garin a kai. Da wannan kowa ya san shi, har kawu. Da zazzaɓi ya kwantar da shi a dajin can, ya ɗauki ƙusa ya zana tsagen fuskar gidansu a gindin kwanon. Ya ce in an kai Bawku a nuna wa tsofaffin kasuwa, za su san gidan, a gaya wa uwarsa inda ya kwanta.

Duk wannan ban sani ba a lokacin. Manyan zamaninmu ba sa yi wa yaro bayani. Abin da nake ji kawai shi ne tsiyar da wata tsohuwa mai koko a unguwarmu ke yi masa kowace kaka.

"Soja, bana ma Bawkun dai?"

"In an haƙe doya."

"An haƙe ta bara, an haƙe ta bara waccan. Ko sai Bature ya busa maka usur?"

Sai ya juya mata kurman kunnen, kowa ya yi dariya. Yanzu na gane ba nisan hanya ke hana shi ba. Tsoron idon uwar abokin nasa yake ji.

Ina aji huɗu, shekarar da na bar makaranta ke nan, aka haƙe doya ya ce bana kam zai tafi, kuma da ni. Ya sa aka wanke masa kakinsa. Na dubi kwanon na ce a raina, mutum zai sa kaki mai guga ya riƙe wannan ƙazanta? Ya tafi gona, na ɗauki kwanon na yi bakin rijiyar bayan gida. Toka da lemun tsami suka cire baƙin, karcen ya ƙi. Na sa yashi. Na ɗauko dutsen da inna ke wasa wuƙa. Tun hantsi har azahar ina gurza, yatsuna suka saluɓe. Na tashi da kwano kamar madubi, ina jin babu yaro irina a Salaga.

Na kai masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya kifa shi, ya ɗora yatsan inda ya saba. Yatsan ya zame. Ya sake. Inna ta fito daga madafa, ta gani, ta ɗauko muciya ta yo kaina.

"Ƙyale shi," in ji kawu. "Aiki ya yi. Kai ɗan nan, ka yi aiki."

Da ya dake ni da na fi jin sauƙi. Har yau ina neman dukan nan.

Mun tafi duk da haka. Motar doya ta kawo mu Yendi, muka jira kwana biyu, wata ta kai mu Bawku. Kasuwar cike da albasa da jakuna da harsunan da ban taɓa ji ba. Kawu cikin kaki, da lambarsa a ƙirji, ya durƙusa gaban tsofaffi a rumfar masu goro yana zane a ƙasa da tsinke. Wani dattijo ya leƙa ya ce, "Soja, layi uku ne ko huɗu? In uku ne mutanen wajen Garu ne. In huɗu ne, sai ka haye iyaka." Kawu ya share ya sake zanawa. Ya rufe ido yana motsa babban yatsa a iska. Shekara da shekaru yatsan ya san abin, ido bai taɓa ƙirgawa ba. Ya ce uku. Ya ce a'a, huɗu. Dattijon ya ce Allah ya jiƙan mamaci, ya miƙa mana goro.

Kawu bai sake zama gindin darbejiya da kwanon ba. Da zai rasu ya ce a ba ni shi. Ban san ko yafewa ce ko hukunci ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Yanzu yaran da suka gama makaranta ke zuwa suna koya mini aikina, wai abin da aka gyara dole ya yi ƙyalli. Kakanninsu sun mutu ba wanda ya zauna ya ji bakinsu, sai ƙarfen ake so a bango. Begilar jiya na duba ta. Akwai ƙananan tsage guda bakwai kusa da baki, ban san me kakan ke ƙirgawa ba. Na gyara inda ta lotsa, tsagen kuwa na bar su yadda suke. In yaron bai so ba ya kai wani.

Kwanon yana nan a kan kantar shagona. Da safe, in rana ta shigo ta ƙofa, nakan karkata shi ina dubawa. Wani lokaci sai in ga kamar layi uku.