Rigar da Inna Ta Saƙa wa Kwamfuta

Shekarar da aka tura ni koyarwa wata sakandare ta wajen Kirikasamma, ina ganin babu wanda ya fi ni sanin kwamfuta daga nan har Kano. Makarantar ba ta da wuta sai 'yar sola. Aka ba mu ƙananan kwamfutoci biyu, baƙa da fara, kowace ba ta fi sandar sabulu ba, dukansu da manhajar Linux a ciki. Ɗaya kawai solar za ta iya ɗauka, aka ce in zaɓa. Saura wata guda 'yan aji shida su rubuta jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kwamfuta, kuma yawancinsu ba su taɓa ɗora yatsa a kanta ba.

Na tafi da su gida Haɗeja, na zauna ƙarƙashin fanka da agogo a hannu. Na auna yadda kowace ke kunnuwa da yadda take juya tambaya. Baƙar ta yi wa farar fintinkau, sai dai tana ɗaukar zafi. Farar sanyi ƙalau, amma sai ka danna ka jira ta gama tunani. Na zaɓi baƙar, na ja layi da jan biro.

Kwana huɗu tana gudu. A na biyar na tarar an sa mata riga. Inna, dattijuwar da ke share mana aji, ita ta saƙa da kwarashi, zaren ulu kore mai kauri, har da bakin ado.

"Abu mai daraja ba a barinsa tsirara, ɗan nan," in ji ta. "Ko rediyona yana da tasa."

Na yi godiya har da russunawa. Kafin azahar, ga rufin kwano ga zafin bazara ga ulu, baƙar ta fara numfarfashi, allo ya ɗauke. Na cire rigar na ɓoye a durowa. Washegari ta koma jikinta. Inna ta ɗauka yara ke cirewa, ta yi musu faɗa, ta ƙara mazagi, ta ɗaure tamau.

Magana ɗaya ce ta rage in faɗa, amma kullum na buɗe baki sai in ji ina tambayarta ya ƙafa. Kunya ta hana ni. Sai na yi abin da na kira dabara: na ɗauko farar na zura a rigar. Ita ko a jikinta. A rahoto na rubuta cewa gwaji ya nuna farar ta fi dacewa da yanayinmu. A kanta yaran suka koya, suka saba da danna wuri sau biyu ko uku kafin ta motsa.

Ranar jarrabawa na jira su a bakin cibiyar a Haɗeja. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin ta fito idonta ya yi ja.

"Malam, ta cikin nan ba ta jira," ta ce. "Na danna yadda muka saba, ta yi ta tsallake tambayoyi. Sai da lokaci ya kusa ƙarewa na gane."

Na tambaye ta ko nawa ta tsallake. Ta ce ba ta ƙirga ba.